Jirgin da Mutanen Yamai Suka Tura

Tun da aka koma lakwal, wato makaranta, Fati da Hawa ba su bar ni na huta ba. “Ramatu, kin ga teku? Ramatu, da gaske jirgin ƙasa ya fi ajinmu tsawo?” Ni kuwa kun san ni, in mutum uku suka zuba mini ido sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na ware shafukan ƙarshen littafina na rubuta muku. Ku karanta ku maido mini kafin Mushe, malaminmu, ya gani.

Yayata Rabi ce ta haihu a Zangon Kwatano, can bakin teku, inda take aure. Inna na fama da ƙafa, sai aka ce Baba ya je da ƙanwarsa, Gwaggo Hajo. Ni an tafi da ni ne saboda takardu. Baba na jin Hausa da Zabarmanci, amma faransancinsa na bakin shinge ne: takarda, pan (lalacewar mota), batiri, na gode shef. In magana ta wuce nan sai ya juyo ya ce, “'Yar lakwal, me ya ce?”

Sai na gaya muku wani abu game da Baba, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Direban taksi ne a unguwarmu Wadata, nan Yamai, kuma motarsa ta girme ni. Batirinta ya mutu tun bara. Kullum da yamma yakan ajiye ta hancinta na kallon gangare, da safe mu fito mu tura. Ya taka ambarayaji, wato kuloci, ya sa bitas, wato giya, ta biyu, in ta ɗauki gudu ya saki ƙafa, ta yi tari sau biyu ta tashi. Daga nan sai ya leƙo ta taga ya ce, “Duk abin da ke da taya, turi na tashinsa!” Na ji wannan magana fiye da yadda na ji sunana.

Mun bar tashar Wadata bayan sallar asuba. Kafin Doso mun tsaya a shingen soja huɗu, kowanne a sauka, a jera, a nuna takarda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mu kaɗai ke tafiya kudu. Kowa Yamai ya nufa, a ƙafa, da gado a kan jaki da tukwane a ka. Mun wuce wani ƙauye da rumbunansa duk a buɗe, ba kaza, ba hayaƙi. A ƙofar wani gida na ga turmi da taɓarya tsaye a cikinsa, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ne yanzu za ta fito. Wani mutum a bayanmu ya fara cewa, “Wannan yunwa dai...” Na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya ce, “Kala suru,” wato sai haƙuri, yana nuna masa da ido wani mai baƙin tabarau da ke gaba. Daga nan ba wanda ya sake magana sai injin mota.

A garin Gaya, bakin iyaka, jandarma ya karɓi katin Gwaggo Hajo, ya dubi hoto, ya dube ta, ya sake duban hoto. Ya ce in gaya mata wadda ke cikin hoton ta fi ta jiki. Na gaya mata. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, “Ki ce masa hoton kafin fari ne.” Na yi zaton zai yi dariya ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙa mata katin da hannu biyu.

Mun haye gadar kogin da ke kan iyaka a ƙafa. Kogin ya janye har yara na wasa a inda ya kamata jirgin ruwa ya bi. Daga Malanbil zuwa Faraku itatuwa suka riƙa yawa, kore ya riƙa dawowa, har idona ya fara ciwo. Can mata na tuƙa babur da goyo a baya, kafaɗa a buɗe, ba wanda ke waiwayensu. In yarinya za ta gaida babba sai ta durƙusa har ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba.

A Zangon Faraku muka kwana, gidan wani mutumin garin Tawa da ya daɗe can. Matarsa ta kawo sakwarar doya da miyar gyaɗa, a ciki da wani abu mai jan baya da farin ciki. Gwaggo ta ɗauka nama ne, ta tauna ta ce, “Wannan sa ba shi da ƙashi?” Aka ce mata cukun Fulanin can ne, wagasi suke ce masa. Da aka gama, matar gidan ta kwashe ragowar za ta zuba wa awaki. Gwaggo ta riƙe mata hannu, ta juye a kwanonta ta rufe. Matar ta dube mu, ta sunkuyar da kai.

Washegari muka je tashar jirgi. Ku da ba ku taɓa gani ba, a Faraku ne layin dogo ya ƙare, bai iso ƙasarmu ba. Buhunan jar dawar taimako da ake raba mana a unguwa na can jibge suna jiran manyan motoci. A gefe akwai matattun kawunan jirgi guda uku, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Namu kai ɗaya ne da tarago huɗu. Baba ya zagaya kan jirgin sau biyu, hannu a baya, ya ce, “Tayar ƙarfe ce, amma dai taya ce.”

Taragonmu cike yake da direbobin Yamai masu zuwa bakin teku ɗauko motoci. Babbansu wani dogo ne da kowa ke kira Dogo, tsohon abokin Baba. Kusa da ni wata ƙatuwar mata ce 'yar ƙasar, da tulin doya, tana jin Hausar kasuwa. Ta ba ni lemo ta ce in kira ta Mama. Ni na zauna a ƙarshen tarago, kusa da wani ƙarfe zagayayye kamar sitiyarin mota, na rasa amfaninsa.

Tafiya ta yi daɗi har bayan azahar. Muna cikin wani daji mai duwatsu da doguwar ciyawa, sai ƙarar injin ta canza, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Jirgin ya ja jiki kaɗan ya tsaya. Muka ji direban na ƙoƙarin tayarwa, abin ya ce tak, tak, ya yi shiru.

Maza suka sauka suka taru gaban kan jirgin. Baba ya kira ni. Dogo ya yi wa direban nuni da hannu biyu, alamar turi. Direban, wani siriri mai furfura a gemu, ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Sai ya gane ni ce tafinta, ya fuskance ni, ya yi magana da sauri. Na ji duka, ba abin da ya wuce ni.

Ya ce wannan ba mota ba ce. A mota ƙarfe ne ya haɗa inji da taya, in taya ta juya sai ta juya inji. A nan injin bai taɓa taya ba ko kaɗan, wuta kawai yake haɗawa, wutar ta bi waya ta je ta juya tayoyin. Ya ce ko mun tura shi har bakin teku tayoyi ne kawai za su juya, injin na barci, kamar mai juya fanka da hannu yana jiran injin gidan wuta ya tashi. Batiri ne ya mutu, wuta yake so. Ya ce iskar birki ma injin ke ba da ita, in ta tsiyaye babu birki sai na hannu. Ya ce gaba gangare ne har gada. Ya ce zai taka zuwa tasha ta gaba ya buga waya, wani kan jirgi zai zo daga can, a kan wannan layi ɗaya. Ya ƙare da ɗaga yatsa: kada kowa ya taɓa komai, ba zai taɓa yiwuwa ba.

Baba ya ce, “Na ji batiri. Sauran fa? Ana turawa?”

Maza kusan talatin suka juyo suna kallona. Ku gaya mini, wace 'ya ce za ta dubi ubanta gaban abokansa ta ce masa abin da yake faɗa kullum da safe ba gaskiya ba ne? Na dubi ƙasa na ce, “Ya ce da wuya.”

“Da wuya,” in ji Baba, yana gyaɗa kai. “To.”

Direban da mai duba tikiti suka bi layi suka yi gaba. Saura wani tsoho mai jar tuta. Ya shigo taragonmu ya kama ƙarfen nan zagayayye ya murɗa shi dama, yadda ake rufe famfo. Na ƙirga, sau goma sha huɗu. Ya yi haka a tarago na gaba, ya cusa katako ƙarƙashin tayoyi, sannan ya saɓa tutarsa ya yi baya don tsare jirgin da ka iya biyo mu. Na bi shi da ido har ja ya ɓace cikin ciyawa.

Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Ko tsuntsu babu. Akwai wata babbar itaciya kusa da layi, an ɗaura mata farin ƙyalle, da tukunya a kife a gindinta. Inuwarta ta fi kowace faɗi, amma ba ɗan ƙasar da ya zauna ciki. Na ɗaga hannu zan nuna wa Gwaggo, Mama ta kama yatsana ta ce, “Ba a nunawa.” Ƙarƙashin taragon kuma wani abu na ta huci a hankali, sss, kamar numfashin marar lafiya. Na san iskar birki ce ke fita. Na zauna ina saurarenta tana raguwa. Wajen la'asar ta ɗauke.

Ruwan sha ya ƙare, jarirai suka fara kuka. Mazan ƙasar da yawa sun ratsa daji neman hanyar mota. Sai na ji muryar Dogo a waje.

“Idi Taksi! Kai da ka tashi matacciyar mota ta fi dubu, yau ƙarfe ya gagare ka? Mutumin ma cewa ya yi da wuya.”

“Da wuya ai ba gagara ba ce,” in ji Baba. “Su mutanen nan sun saba da sabon kaya. Ba su san turi ba.”

Mama ta leƙa ta taga ta ce, “Alhaji, wannan ba a tura shi!”

“Mama, ki kula da doyarki,” in ji Dogo. Aka yi dariya.

Suka zare katakan. Suka tura, bai motsa ba. Dogo ya shigo ya ga ƙarfen, ya ce, “Ashe birkin hannu ne,” ya warware shi, ya wuce ya warware na gaba. Ya bi ta gabana, rigarsa ta taɓa gwiwata. Maganar na bakina, ina jin nauyinta kamar tsakuwa. Ban faɗa ba. Baba ya hau kan jirgin don ya sa bitas ta biyu. Sauran maza suka jeru a gefe da baya, kafaɗa a jikin ƙarfe. A ciki ba kowa sai mata da yara.

“Da ƙarfin Allah! Ɗaya, biyu!”

Da farko na ɗauka itaciyar mai farin ƙyalle ce ke tafiya. Ta zame baya a hankali. Maza suka yi shewa. Sai shewar ta fara nisa. Na leƙa, na gan su suna gudu, hannuwansu ba sa taɓa jirgin, Dogo na ihu, “Saki ƙafa, Idi! Saki!” Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, suka ƙanƙance.

Fati, kin tambaye ni abin da ya fi ba ni tsoro a tafiyar nan. Jirgi ne mai gudu ba ƙara. Ba inji, ba hayaƙi, ba kakaki. Sai tayoyi a mahaɗin ƙarfe, tak... tak... tak, tak, tak, tazarar na raguwa. Jariran ma sun yi shiru. Wata doya ta gangaro ta tsakiyar tarago ita kaɗai, ta wuce ƙafafunmu ta yi gaba. Gwaggo ta yi murmushi ta ce, “Yanzu zai tashi.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryar da ta fito ban san tawa ce ba.

“Ba zai tashi ba! Ba ya tashi da turi! Babu birki, kuma wani jirgi na zuwa daga gaba!”

Na kama ƙarfen na murɗa dama. Sau uku ya juya, ya ƙi. Mama ta ture ni da ƙugu ta kama gefe ɗaya, Gwaggo ta yar da mayafi ta kama ɗayan. Na ce, “Dama, kamar famfo! Sha huɗu!” Ina ƙirgawa suna murɗawa. Mama ta juya ta kwarara ihu da yarensu ta ƙofar tarago na gaba, muka ga mata can ma sun taso. A na tara ƙarfe ya fara kuka ƙarƙashinmu, kuka mai shiga haƙori, da warin ƙuna. A na sha huɗu ba mu tsaya ba tukuna. Mama ta sa ƙafa a bango ta ƙara rabi.

Tak... tak... tak. Sai shiru.

Na leƙa ta taga. Ga gada nan, rafin ƙarƙashinta busasshe, duwatsu tsirara. A cikin wannan shirun muka ji kakaki, dogo, daga bayan kwana. Kan jirgin ya ɓullo a hankali, direbanmu na tsaye a matakalarsa. Ya tsaya a wancan bakin gadar. Tsakaninmu bai kai filin lakwal ɗinmu ba.

Baba ya sauko. Tafin hannunsa duk ya saɓule, ashe shi ma can yana murɗa wani ƙarfen da ya warware da kansa. Ya zo gindin tagarmu, ya ƙirga mu da ido, ni da Gwaggo. Ya ce, “Babu ambarayaji, Ramatu. Na taka ƙasa, babu abin takawa.”

Direban ya iso a fusace. Ya tambayi wanda ya zare katako. Mazan sun iso suna haki, suka tsaya kowa na kallon takalminsa. Mutanen Yamai sun iya shiru a shekarun nan. Sai idon direban ya faɗo kaina. Ya ce, “Ƙarama, ban ce ki gaya musu ba?” Wannan karon Baba bai tambaye ni me ya ce ba. Ya dube ni kawai.

Suka jawo wasu wayoyi masu kaurin hannuna daga rayayyen kan jirgi zuwa mataccen. Ba a jima ba ya yi gurnani, ya fesa baƙin hayaƙi, ya tashi. Baba na tsaye yana kallo. Na ji ya ce a hankali, “Ashe wuta yake so.”

Kwatano kuwa, e, na ga teku. Yana da ƙara, ba ya hutawa, kuma ba a shan ruwansa, abin da Gwaggo ta ce ɓarna ce. Jaririyar Rabi na da gashi. An ci shinkafa da kifi ranar suna. Ban iya tuna fiye da haka ba, don duk kwanakin Baba bai yi mini maganar jirgi ba, ni kuma ina jira. A babbar motar Dogo muka dawo, ba wanda ya ambaci layin dogo.

Safiyar farko a Wadata muka fito turin taksi. Sai na ga abu ƙarƙashin tayar gaba: katakon nan ne na tsoho mai jar tuta, da baƙin mai a jikinsa. Ashe tun ranar yana cikin jakar Baba. Ya aiki ƙannena su kira maƙwabta, muka rage mu biyu.

“Me mutumin ya ce, Ramatu? Duka.”

Na gaya masa duka, da fanka, da iskar birki, da gangare, da gada. Ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa da bai gama warkewa ba.

“Kunyata kika ji.”

“E, Baba.”

“Kunyar nan saura kaɗan ta ci tarago huɗu.” Ya durƙusa ya zare katakon, ya miƙa mini. “Daga yau ke ke riƙe wannan. In abu ba ya yiwuwa ki ce ba ya yiwuwa, ko gaban wa nake tsaye.”

Muka tura. Ta yi tari sau biyu ta tashi. Ya leƙo ta taga kamar kullum, ya buɗe baki, muna jiran maganar da muka saba. Ya dube ni da katako a hannu, ya rufe bakinsa, ya ja mota ya tafi.